Shirin KaLMA da Yaran Bayan Aji

Na sha halartar taron ƙara wa juna sani inda ake tara malamai a zaure, a yi ta jawabi cewa yara duka ɗaya ne, a tafa, a watse, kowa ya koma ajinsa yadda ya baro shi. Shirin KaLMA na koyar da karatu da lissafi, wanda aka fara a 2019 a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil, ya bi wata hanya dabam, shi ya sa har yau nake ganin ƙimarsa. Hukumar SUBEB ta Jihar Kano ce ta gudanar da shi tare da British Council da TaRL Africa, da tallafin gwamnatin Birtaniya, domin 'yan aji huɗu zuwa shida. Asalin dabarar daga ƙungiyar Pratham ta Indiya take, kuma Abhijit Banerjee da Esther Duflo, da suka ci kyautar Nobel a shekarar 2019, suna cikin waɗanda suka gwada ingancinta.

Abin da ya fi burge ni shi ne takardar gwajin karatun yara. Shafi ne mai sauƙi: haruffa, kalmomi, ɗan sakin layi, sai gajeren labari. Amma dole malami ya zauna da yaro shi kaɗai, ya saurare shi. Na ga malamin da ya shekara yana kiran wata yarinya daƙiƙiya, domin kullum a makare take zuwa daga talla, ta raɓe a bayan aji. Da ya zauna da ita, sai ga ta tana haɗa baƙi da wasali tiryan-tiryan. Ɓ da ɗ ne kawai ke rikita ta. Ya daɗe yana kallon takardar kafin ya ce, “Ashe ke kin iya.” Babu laccar da za ta fitar da wannan magana daga bakinsa.

Daga nan sai a raba yara bisa abin da suka iya, ba bisa shekaru ko aji ba. Ɗan mai unguwa da ɗan lebura sukan faɗa rukuni ɗaya, su zauna a da'ira a ƙasa, malam ma ya sauko daga gaban allo. Darasin lissafin kuwa gwanin kyau. Tsinke ake ƙirgawa, in ya kai goma a ɗaure, kamar yadda ake ɗaure damin gero da kaka. Yaron da bai taɓa gane dalilin “aro ɗaya” ba sai ya kwance ɗaurin da hannunsa, ya ga goman ta warwatse. Ba a sayo komai daga birni ba. Kuma masu horar da malaman su ma sai sun koyar da yara da kansu kafin su tsaya gaban malamai, abin da ya sa maganarsu ke da nauyi.

Da annobar korona ta rufe makarantu a Maris 2020, an koma rediyo da saƙonnin waya. An yi ƙoƙari, sai dai zuciyar shirin ita ce zaman ido da ido, rediyo kuma ba ta jin inda yaro ya yi tuntuɓe.

Inda nake da ja, a kan ma'aunin ne. Takardar boko kaɗai take gani. Yaron da ya yi nisa a makarantar allo, yana wanke allonsa yana rubutawa da tawada, yana iya faɗawa matakin farko daidai da wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba. A ƙasar da aka daɗe ana yi wa almajiri kallon raini, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin malami zai iya ɗaukar sakamakon a matsayin shaidar abin da dama ya ƙudurta. Haka ɗan Fulanin ruga da ya tashi da Fulatanci: da Hausa za a gwada shi, kuma shirunsa na iya zama na harshe ko na kunya, ba na rashin basira ba. Da na so a ware ko da wuni guda a horon domin waɗannan yara, a kuma tattauna sunayen da muke jifan ɗalibai da su, irin su baƙauye da jaki, waɗanda mu ma da su aka rene mu.

Sai kuma yawan yara. Raba rukuni na buƙatar hannuwa, ga makarantun karkara da malami ɗaya ke riƙe da aji biyu ko uku, ga damina da ke kwashe yara zuwa gona. Wannan ba laifin masu tsara shirin ba ne, amma duk wanda zai faɗaɗa shi zuwa Bichi ko Ɗambatta, gara ya fara da ƙirga malaman da ke ƙasa, ya kuma tanadi man babur ɗin jami'an da za su riƙa zagayawa suna zama a aji tare da su.