Jikin Mutum a Hannun Masassaƙa: Daga Atina Zuwa Sakkwato

Ayyukan Manzanni sura 17 ta nuna mana Bulus a Atina, ransa a ɓace saboda yawan gumakan birnin. Mukan yi wa'azi a kan bautar gumaka mu tsaya nan. Amma waɗannan siffofi suna koyar da wani abu kuma: wane irin jiki ne ya cancanci a kira shi mutum.

Wajen shekara ta 440 kafin haihuwar Almasihu, Folikilitus Baheleni ya zuba siffar wani saurayi mai riƙe da mashi da tagulla. Ta asalin ta ɓace, sai kwafin marmara da Romawa suka yi. Ya auna kowace gaɓa da 'yar'uwarta, kai ya zama kusan kashi ɗaya cikin bakwai na tsawon jiki. Nauyin saurayin yana kan ƙafa guda, ɗayar a sake, kamar zai taka. Gwaninta ce babu musu. Sai dai jiki ne marar tabo, marar yunwa, marar tsufa. Romawa suka gāji wannan suka sa shi aikin mulki: Augustas ya rasu yana da shekara 75, amma siffofinsa ba su taɓa tsufa ba. Inda kuwa suka sassaƙa dattawansu da tamoji da sanƙo, tsufan alamar iko ne, ba rauni ba.

A ganinmu, siffar ɗan damben nan na tagulla da aka tono a Roma a 1885 ta fi su gaskiya. Yana zaune a gajiye, hanci a karye, kunnuwa a kumbure, an cusa jan ƙarfe a raunukansa a madadin jini. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan dambe bayan an tashi daga fage da kaka zai gane shi.

Ƙasarmu ma tana da nata. Akwai siffofin yumɓu da masana ke kira na Sakkwato, dangin na Nok da na Katsina, masu shekaru wajen dubu biyu. Giransu mai nauyi ne, ya rufo ido, gemu a tsuke, kai kuwa babba fiye da kima. Mai ginin bai damu da ƙwanji ba; ya tara darajar mutum a fuskarsa. Yawancinsu masu haƙar sata ne suka fitar da su, har a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan tarihin Afirka da ke cikin haɗari.

Me ya shafi mai hidima a Boɗinga ko Shagari? Mu dubi kalandar da ke bangon ɗakin sujadarmu. Yesun da ke ciki, mai santsin fata da daidaitattun gaɓoɓi, ya biyo ta hannun masu zanen Turai da suka yi koyi da ma'aunin Helenawa. Waɗanda ke zaune a ƙarƙashinta kuwa manomi ne mai faso, da wanda shan inna ya shanye wa ƙafa, da yarinyar da aka sallamo daga asibitin Sakkwato mai gyaran fuskar yaran da cutar noma ta cinye. In hoton ya ce musu kamannin Allah na masu cikakkiyar sura ne, to ya ƙaryata wa'azinmu.

Farawa sura 1 ba ta sa ma'auni ga jikin da aka yi cikin kamannin Allah ba. Yahaya sura 20 kuma ta nuna Ubangiji ya tashi da tabon ƙusoshi, da su ne Toma ya gane shi. Saboda haka mu yaba wa gwanintar Helenawa, amma kada mu ari mudunsu mu auna tumakin da aka ba mu kiwo.