Tsokaci a Kan Lissafin Injinan Iska da Dacewarsa da Ƙasar Dutse

Makasudin wannan 'yar takarda shi ne a yi tsokaci a kan hanyar da manazartanmu suka fi bi wajen ƙiyasta wutar lantarkin da injin iska zai bayar a ƙasar Hausa. Galibi akan ɗauko awon iska na tashoshin yanayi, a zuba a kwamfuta, a haɗa da jadawalin da maƙeran injin suka bayar, sai a yanke hukunci cewa wuri kaza ya dace. A ganina akwai gyara a nan.

Shi dai lissafin, asalinsa ingantacce ne. Tun wajen 1920 Albert Betz na Jamus ya nuna cewa babu injin da zai tatsi fiye da kashi 59.3 cikin ɗari na ƙarfin iskar da ta ratsa shi. A 1935 kuma Glauert ya daidaita hanyar yanka fiffiken injin gunduwa-gunduwa a takarda, a lissafa turin iska a kan kowace gunduwa, sa'an nan a tara. To, amma ko a ƙasashen da suka ƙware, lissafi yakan kuskure. A shekarar 2000 aka gwada wani inji a babbar rumfar gwajin iska ta NASA a Amurka, aka nemi masana su faɗi sakamako ba tare da sun ga awon ba. Hasashensu ya kama daga kashi 25 har zuwa 175 cikin ɗari na abin da aka auna.

In haka ta faru inda iska ke tafiya a saiti, ina ga Dutse? Abubuwa huɗu ne nake ganin ana tsallakewa.

Na farko, akan auna iska ne a tsayin mita 10, alhali injinan Lambar Rimi ta Jihar Katsina, su 37 masu kilowat 275 kowanne, tsayinsu mita 55 ne. Ƙa'idar da ake cike wannan giɓi da ita ta shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. Dutse kuwa sunanta ya bayyana ta: iska tana ƙara gudu a kan duwatsu, tana birkicewa a bayansu. Ƙaramin kuskure a nan ba ƙarami ba ne, domin in gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfinta sau takwas yake ninkawa.

Na biyu, a yankinmu sau da yawa iska takan kwanta a ƙasa da dare alhali tana kaɗawa da ƙarfi a sama. Awon mita 10 ba ya ganin wannan.

Na uku, jadawalin maƙera an gina shi ne bisa iska mai nauyin kilo 1.225 a kowace mita mai ɗaki, wato a gaɓar teku, a zafin digiri 15. Dutse ta haura mita 400 bisa teku, kuma da bazara zafi yakan kai digiri 40. A wannan hali nauyin iska ya ragu da fiye da kashi 10 cikin ɗari, wutar ma haka.

Na huɗu, lissafin yana ɗaukar fiffike sumul. Ƙurar hunturu kuwa tana manne wa bakin fiffike, ta sa shi kaushi, ya rage kamun iska, ga shi babu ruwan sama da zai wanke shi sai damina.

Ba ina cewa a yi watsi da lissafi ba ne. Abin da nake kira gare shi shi ne a gwama shi da awo. Ya kamata Jami'ar Tarayya ta Dutse ta kafa dogon turke na awon iska a tsayi daban-daban, a tara bayanan aƙalla shekara guda cur, a kuma gwada lissafinmu da ainihin abin da injinan Lambar Rimi suka bayar. Hausawa sun ce gani ya kori ji. In ba haka ba, wata rana za a kashe dukiyar jama'a bisa alƙaluman da ba su taɓa haɗuwa da iskar Jigawa ba.