Tsokaci a kan Zanen Zafi a Darasin Labarin Ƙasa: Misali daga Rogo Ruma

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi tsokaci a kan wani zane da ya daɗe a cikin littattafan labarin ƙasa na makarantun sakandare, watau zanen nan mai watanni 12 a jere, sandunan ruwan sama a ƙasa, layin zafi a bisansu. Abin da ya jawo hankalinmu gare shi kuwa wani darasi ne da muka zauna muka kalla a wata makaranta ta yankin Rogo Ruma, sa'ad da muka je duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa. Malamin ya sa yara suka zana zafin Kano wata-wata, zane ya fito tsaf, sa'an nan ya tambaye su ko duniya tana ƙara zafi. Suka amsa baki ɗaya cewa tana ƙarawa, hujjarsu kuwa ita ce layin ya hau daga Janairu zuwa Afrilu. Malam ya yaba musu.

Amsar daidai ce, amma hujjar ba ta da tushe, kuma a ganinmu wannan ya fi kuskure tsantsa haɗari. Yaron da ya gaskata ɗumamar duniya saboda layi ya hau a Afrilu, zai ƙaryata ta in layin ya sauka a Agusta.

Ba mu ga laifin malamin ƙwarai ba, domin mu muka horar da shi. Matsalar ita ce an ɗora wa zanen kayan da ba nasa ba. An ƙago shi ne don ya nuna zagayowar shekara, daga ɗari zuwa bazara, daga damina zuwa kaka. Alƙaluman da ke cikinsa matsakaici ne na shekaru masu yawa da aka narkar wuri ɗaya, saboda haka duk wani bambanci tsakanin shekara da shekara an riga an shafe shi tun kafin yaro ya ɗauki fensir. Bugu da ƙari, a Kano ratar da ke tsakanin matsakaicin zafin Janairu da na Afrilu ta kai wajen digiri 10, alhali ƙarin zafin duniya ɗungum, bisa rahoton kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021, wajen digiri 1.1 ne idan aka gwada 2011–2020 da 1850–1900. A zanen da gefensa ya tashi daga 0 zuwa 40 cikin ɗan ƙaramin littafin rubutu, kaurin bakin fensir ma yana iya cinye rabin wannan.

Harshenmu ma yana da hannu a ruɗanin. Kalmar "yanayi" ɗaya muke amfani da ita ga halin da gari ya wayi yau da kuma halin da ƙasa ta saba da shi, wanda Hukumar Yanayi ta Duniya take aunawa da shekaru 30, kamar 1961–1990 ko 1991–2020. In malami bai raba su ba, yaro zai kawo tsananin zafin azumin 2024, lokacin da birnin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, a matsayin hujja, ko kuwa ya kawo ɗarin wata shekara don ya musa.

Gyaran ba mai wuya ba ne. A jera shekaru a gindin zanen maimakon watanni. A ɗauki wata guda, alal misali Afrilu, a sami matsakaicinsa na shekaru 30, sa'an nan a zana ratar da kowace shekara ta yi sama ko ƙasa da shi. Layin zai yi ta hawa da sauka, kuma wajibi ne a bar yara su ga haka, kana a sa su fitar da matsakaicin shekaru biyar-biyar su ɗora a kai. Har wa yau a nuna musu cewa wanda ya fara zanensa daga shekara mai zafi ƙwarai, irin 1998, yana iya sa 'yan shekarun da suka biyo baya su yi kamar ba a ƙara komai ba.

Sauran batun inda za a sami alƙaluman, kuma a nan ne littattafan suka fi yin shiru. Sukan rubuta "Kano" kawai, ba su faɗi wace tasha ba, ba su faɗi waɗanne shekaru ba. Tashar da aka fi dogara da ita tana filin jirgin saman Malam Aminu Kano, wanda gine-ginen birni suka taso suka kusa kewaye shi, ga shi kuwa kwalta da kwano suna riƙe zafi har cikin dare. Saboda haka ba dukan ƙarin da aka gani can ne za a jingina wa gonakin Rogo ba. Samaru ta Zariya, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona take aunawa tun da daɗewa, ta fi Kano kusa da Rogo. Ya kamata kwalejojin ilimi su nemi alƙaluman wuraren biyu, su buga su a takarda ɗaya, su ba kowane ɗalibi kafin ya tafi gwajin koyarwa, domin yara su zana layuka biyu su gwada su da kansu.