Jaje ko amsa laifi: kalaman kamfanin Toyota, in an saurare su daga tashar Tawa

A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba jawabai biyu da kamfanin Toyota ya yi lokacin da ya shiga matsala, ɗaya a 2010, ɗaya a 2015. Mun zaɓi wannan kamfani ne don duk wanda ya tsaya tashar Tawa ya san cewa kat-kat ɗin da ke ɗaukar mutane da buhunan hatsi zuwa Takanamat, Cintabaraden ko Tasara, galibinsu Hilux ne ko Land Cruiser. Tambayarmu ta nazarin harshe ce: wa ke magana, da wa ake yi, kuma wane aiki maganar take aikatawa.

A ƙarshen Agusta 2009 wata mota ƙirar Lexus ta ƙwace kusa da San Diyego, a Amurka, totur ya maƙale a shimfiɗar ƙasan mota, mutum 4 suka mutu. Daga nan zuwa farkon 2010 kamfanin ya nemi a maido motoci sama da miliyan 8 don gyara. Ran 24 ga Fabrairu 2010 shugabansa, Akio Toyoda, jikan wanda ya kafa kamfanin, ya gurfana gaban wani kwamitin majalisar dokokin Amurka. Jimloli biyu na jawabinsa ne aka fi yayatawa. Ga ma'anarsu da Hausa:

(1) Sunana yana bisa kowace mota.
(2) Ina baƙin ciki ƙwarai da duk wani haɗari da direbobin Toyota suka gamu da shi.

Masu koyar da hulɗa da jama'a suna yawan kawo wannan zama a matsayin misalin ban haƙuri. Mu kam ba mu yarda ba. Jimla ta (1) tana da ƙarfi, don ta ɗora mutunci na gida bisa ƙarfe, kuma Bahaushe ya san nauyin sunan kaka. Amma a dubi (2). Wanda ya yi aiki a cikin saƙar jimlar shi ne direba: shi ya «gamu» da haɗari, kamar wanda ruwa ya daka a hanya. Kalmar Ingilishi da aka yi amfani da ita tana ɗauke da ma'ana biyu, ta nadama da ta tausayi, kuma faransanci « désolé » haka yake. Hausa ta raba su:

(3) Sannu, Allah shi kiyaye gaba.
(4) Ka yi haƙuri.
(5) Na yi laifi, ka gafarta mini.

(3) jaje ne. Maƙwabci ma yana yi. (4) tana tsakiya, mai laifi yana faɗinta, mai ta'aziyya yana faɗinta, kuma a lura nauyin aikin bisa wanda aka cuta take ɗora shi. (5) kaɗai ce amsa laifi, ita ce Ba'adare ke nufi in ya ce «gahwara» yana sunkuyar da kai. Mai fassara na gaskiya dole shi aje (2) kusa da (3). Ba mu ce babu amsa kuskure ko kaɗan a jawabin ba: Toyoda ya yarda cewa kamfanin ya yi gaggawar girma har kula da lafiyar mota ta raunana. Sai dai wannan kuskuren tsari ne, ba shi da mai shi. Amsa ta (5) sai a Maris 2014 ta zo, da kamfanin ya yarda gaban ma'aikatar shari'a ta Amurka cewa ya ɓatar da masu saye, ya biya biliyan 1,2 na dalar Amurka (ba dalarmu ta tamma biyar ba). Shekara 4 ke nan tsakanin jaje da amsa laifi, kuma tilas ce ta kawo ta biyun.

Jawabi na biyu ya fi kusa da mu. A Oktoba 2015 aka ji cewa ma'aikatar kuɗi ta Amurka ta tambayi Toyota yadda aka yi motocinsa suka cika hotunan ƙungiyar Da'ish. Abin ba sabo ba ne ga mutanen Sahel, tunda yaƙin Cadi da Libiya na 1987 ma da sunan Toyota aka san shi. Amsar kamfanin ita ce yana da ƙa'ida mai tsanani ta ƙin sayar ma wanda zai yi ta'addanci, amma babu mai ƙera mota da zai iya tsare hanyoyin da wasu na dabam ke bi su sace mota ko su sake sayar da ita.

Maganar gaskiya ce, kuma nan ne take shafar Adar. Waɗannan «wasu na dabam» ba ƴan bindiga kaɗai ba ne. Ban da motocin gwamnati da na ƙungiyoyi da ake saye sababbi wurin CFAO a Yamai, motar da ke zuwa Tawa hannu na biyu ce ko na uku. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙidaya tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 da Turai, Amurka da Japan suka fitar daga 2015 zuwa 2018, kashi 40 cikin 100 zuwa Afirka. Namu, kafin rufe iyakar Benin a 2023, ta tashar Kwatano suke shigowa. Watau jimlar da kamfanin ya wanke kansa da ita daga ɗan ta'adda, ita ce kuma ta fid da direban Tasara daga cikin waɗanda ake magana da su.

To, ta yaya yarda ta samu? A littattafan faransanci « confiance » abu ne da kamfani ke ginawa, ya tara, ya maido in ta zube, kamar jari. Amana ba ta shiga waɗannan aikatau. Ba da ita ake yi, a riƙe ta, ko a ci ta. Ta mai bayarwa ce, mai riƙo ajiya kawai yake yi. In direba ya ce «motar nan tana da amana», ba jawabin Toyoda ya ji ba. Yana nufin ba ta kwantar da shi a daji ba, kayan gyaranta suna samuwa a kasuwa, kuma bakaniken unguwarsu ya san cikinta. Dillali, bakanike da karen mota su ke yi ma kamfanin hulɗa da jama'a, ba albashi, kuma su ke shan zagi in ta lalace.

Wani zai ce ai ba a yi asarar komi ba. Akwai asara. Jakar iska ta kamfanin Takata, wadda aka sa a motocin Toyota, Honda da wasu da yawa, sinadarin cikinta yana lalacewa da daɗewa cikin zafi da laima, har ta fashe ta watsa ƙarfe a fuskar direba. An nemi a maido miliyoyin motoci, Takata kuma ya karye a 2017. Wasiƙar kira tana bin lambar shasi zuwa ga wanda sunansa ke cikin rajistar ƙasar da aka fara sayar da motar. In mota ta hau jirgin ruwa, wasiƙa ba ta biyo ta.

Wannan kira, da faransanci « rappel », ba mu da tsayayyar kalmarsa a fannin mota. Ƴan jaridar Najeriya suna cewa «kiranye» ga maido ɗan majalisa, kuma kalmar za ta zauna daidai a kunnen Ba'adare, wanda ya san kiranyen da uwa ke sa malami shi yi ma ɗanta da ya daɗe bida a Abijan. Muna ba da shawarar a ɗauke ta, da sharaɗi guda da ya kamata a rubuta a ƙamus: kiranye sai da sunan wanda ake kira, shi kuwa direban Adar sunansa bai taɓa shiga rajistar da wasiƙar ke bi ba.