Hoton Sallah: Wa Ya Kamata Ya Tsaya Gaban Kyamara?

Da zarar azumi ya shiga goman ƙarshe, ba teloli kaɗai ke rasa barci ba yanzu, har da masu wanke hoto da masu haɗa firam. Wani yayi ne ya shigo, ya kuma zauna da gindinsa. Ɗan da neman abinci ya kai Legas ko Fatakwal, ko 'yar da aure ya kai Abuja ko Jidda, sai su turo hotonsu ta WhatsApp, a wanke shi ƙato, a sa masa gilashi da firam mai ruwan zinari, a kai wa tsohuwa a matsayin goron Sallah. Wasu a jikin kofin shayi ake buga musu, wasu a agogon bango, wasu a kalanda. A Haɗeja abin ya wuce cikin gari, ya shiga Auyo da Kafin Hausa da Malam Madori, har ƙauyukan Guri da Kirikasamma waɗanda in damina ta yi nisa sai da kwalekwale ake isa wasunsu.

Ban ƙi wannan yayi ba. Ina cikin waɗanda suke zaune nesa da gida, na kuma san yadda Sallah take a garin da ba naka ba. Ka sauko daga idi ka koma ɗakin haya, babu yaron da zai yi sallama da kwanon tuwon maƙwabta, babu 'yan yawon Sallah da za su cika zaure. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya hana mutane da yawa zuwa gida, musamman mai iyali da zai ratso sama da kilomita 1,000 daga Legas. Wanda bai samu zuwa ba, ya ce bari aƙalla a ga fuskata, wallahi ba zan ga laifinsa ba. Ko da can haka ake yi. Iyayenmu da suka je ci-rani ko suka zauna a Makka sukan ɗauki muryarsu a kaset su ba matafiyi ya kawo, wasu kuma su aika gaisuwa ta zaɓi-sonka a rediyo, a taru a tsakar gida ana jiran a ji sunan mutum.

Inda nake ja shi ne wanda yake cikin hoton. A ganina mun juya kyamarar ta inda bai dace ba. Kyautar da ake kira ta godiya, amma fuskar mai bayarwa ce kaɗai a jikinta, akwai abin dubawa a cikinta.

A duba irin hotunan da muke turowa. An goge fata ta yi sumul, an haskaka ta har mutum ya tashi daga baƙi ya koma wankan tarwaɗa, an share tsagar gado da ke kumatu, an cire bangon ɗakin haya an sa dogayen benayen Dubai, ko a jingina mutum da motar da bai taɓa shiga ba. Yanzu ma waya da kanta take ƙera maka babbar riga da rawani. Alhali uwa ba kyau take nema a hoton ɗanta ba. Lafiya take dubawa. Tana son ta ga ko ya rame, ko idonsa ya faɗa, ko furfura ta fara fito masa, don ta san irin addu'ar da za ta yi masa da asuba. In ka goge duk wannan, ka hana ta abin da take duba hoton dominsa. Akwai kuma wata ɓarnar da ba a cika faɗa ba. Ƙanen da ke kallon wannan firam kullum a ɗakin Inna zai ɗauka a kudu tsintar kuɗi ake yi a ƙasa. Ko ya raina gonar da ke ciyar da gidan ya tattara ya bi bayanka, ko ya riƙe ka a zuciya don abin da kake turowa bai kai girman motar da ya gani ba. Zumunci da yawa ya yi tsami a kan arzikin da babu shi.

Kada a ce wai ado a hoto sabon abu ne. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948, yakan ajiye rediyo da agogo da babur, har da mota, don masu zuwa su ɗauki hoto da su. Shagunan hoto na garuruwanmu ma suna da labule mai zanen bene da furen roba da wayar tarho da ba ta haɗe da komai. Amma kowa ya san kayan shago ne, kuma fuskar dai ta mai ita ce, da tsagarta da wushiryarta. Shi ya sa hotunan Keïta suka kai har Faris da New York ana nuna su, mutane na tsayawa suna kallon idon mutanen da suka rayu da gaske. Abu ɗaya ne ke sosa mini rai game da su: yawancin waɗanda ke ciki babu sunansu a jiki. Mace ta ci ado, ta zauna da dukan mutuncinta, duniya na yaba kyanta, amma an rasa 'yar wace ce. Zan dawo kan wannan.

To wa ya kamata a gode wa? Duk wanda ya iya zama a nesa hankalinsa kwance, wani ne ya zauna a gida a madadinsa. Wannan ita ce gaskiyar da mu mazauna waje muke saurin mantawa, don muna ganin mu ne masu turo kuɗi. Akwai ƙanen da ya riƙe gonar fadama, yana shinkafa da damina, yana alkama ko tumatir ko albasa da rani. Tun da madatsar Tiga ta fara aiki a 1974, ta Calawa ta biyo baya a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta sauya, ciyawar kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsaye jan-baki. Shi ne ke shiga ruwa har ƙirji a aikin gayya ana yankan kacalla, shi ne ke tsayuwa a gona tun sanyin safiya yana korar tsuntsu. Akwai matar yayanka da take yi wa mahaifiyarka wanka da wanki in ciwon ƙafa ya tashi, alhali ba ita ta haife ta ba. Akwai maƙwabcin da ya ɗauki Baba a babur zuwa asibiti da tsakar dare, kai sai da gari ya waye aka buga maka waya. A ambaliyar 2020 da ta 2022, lokacin da matasan Haɗeja suke kwana a bakin jinga suna jera buhunan ƙasa don kada ruwa ya ci gari, mu da ke nesa bidiyo muke kalla muna tura wa juna. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. Waɗannan mutane sun yi mana kyautar da kuɗin da muke turawa ta POS ba ya biya, kuma da wuya ka ga hoton ɗayansu a cikin firam.

Shawarata ke nan. Wanda ke son yin kyautar hoto da Sallah, ya nemi mai hoto na gida, ɗan gari, ya biya shi ya je ya ɗauki su Inna da Baba a inda suke zama, cikin kayan Sallarsu in sun so, amma a tsakar gidansu, da rumbunsu da bishiyarsu a baya. Ya ɗauki ƙanen nan a kan kuyyar gonarsa, ya ɗauki Kawu masunci da komarsa a bakin kogi, ya ɗauki Goggo kusa da tukunyar da ta yi shekaru tana ciyar da gida da ita. Kada a goge komai. Mutumin karkara da aka kawo masa hotonsa a wanke, aka ce ɗan'uwanka na Legas ne ya ce a ɗauke ka, ya san an gan shi, an san da wahalarsa. Sau da yawa hoton da yake da shi a duniya bai wuce na katin zaɓe da na katin ɗan ƙasa ba. Shi kuma na nesa, in zai haɗa da nasa, ya turo na gaskiya, a bakin shagonsa ko wurin aikinsa, da 'ya'yansa yadda suke, don kakarsu ta ga wanda ya ɗauko hancin gidansu.

Ranar hawan Sallah da hawan Bariki, wayoyi ba sa ƙirguwa a ƙofar fada. Kowa na ɗaukar Mai Martaba Sarkin Haɗeja Adamu Abubakar Maje da hakimai da dawakai da 'yan bindiga, kuma abin alfahari ne, tarihin masarauta ba zai ɓace ba. Amma a koma cikin unguwa a tambayi gida nawa ne ke da hoton kakarsu mai kyau guda ɗaya. Sai ta rasu ake bin wayoyin jikoki ana nema, a ƙarshe a yanko kanta daga wani hoton biki da ya dushe.

A wanke kowane hoto biyu, ɗaya a gida, ɗaya a wurin na nesa. Wannan a ƙasar Haɗeja ba ƙawa ba ne, larura ce. Gidajen ƙauyukanmu yawanci na ƙasa ne, kuma in ruwa ya shigo da dare, yara ake fara ɗauka, sai tsofaffi, sai dabbobi da ɗan hatsin da aka iya ja. Babu mai tuna akwatin da ke ƙarƙashin gado. Bayan ruwa ya janye sai a tarar hotuna sun manne da juna, fuskoki sun narke, musamman waɗanda aka buga da ƙaramin injin kwamfuta mai tawadar da ba ta jure laima. Kamar yadda manomi mai hankali ba ya tara irinsa duka a rumbu ɗaya, haka bai kamata tarihin gida ya kwana a ɗaki ɗaya a bakin kogi ba. A nan nisanmu yake da amfani: mu ne ma'ajiya. Kada kuma a dogara da waya. Ana sace ta, tana faɗawa ruwa, tana cika a goge, kuma abin da aka ɗora a sitatus awa 24 yake yi ya tafi. Tsohuwar da ba ta da babbar waya sai ta jira jika ya ga dama ya nuna mata, ya karɓe abinsa. Na takarda kuwa nata ne, ta ciro shi lokacin da ta so, ta nuna wa wanda ta so.

A bayan kowane hoto a rubuta sunan mutum da na mahaifinsa, da garin, da shekarar, da boko ko da ajami. Minti ɗaya ne, amma shi zai hana kakanninmu zama irin matan nan na Bamako.

Na san akwai gidajen da ba a rataya hoton mai rai a bango saboda fahimtarsu ta addini, kuma malamai sun yi magana a kai, kowa da hujjarsa. Ba sai an yi jayayya da Baba a kan wannan ba. Ƙaramin albam da za a sa a leda a ajiye a sama ya wadatar, ya ma fi ƙaton firam sauƙin ɗauka ranar gudu. Wanda ya ce ba ya so a ɗauke shi, a ƙyale shi. Matan da ke cikin gida a nemo musu mace mai ɗauka, ko wata 'yar gidan da hannunta ya faɗa. Hoton mahaifiya kuma ba na Facebook ba ne sai da izininta. Godiyar da za a yi ta da keta alfarmar wanda ake gode wa ba ta yi ba.

Wani zai ce ana fama da kuɗin shinkafa da na kayan Sallah, wa yake ta hoto? Gaskiya ne, hoto ba ya maye gurbin cefane, ba ya kuma maye gurbin zuwa, don har gobe zumunci a ƙafa yake. Sai dai kuɗin ƙaton firam ɗaya mai ruwan zinari zai wanke ƙananan hotuna na mutanen gida da dama, ya kuma bar wani abu a aljihun mai hoton garinmu, wanda wayoyi suka rage wa ciniki.

Don haka 'yan'uwana mutanen ƙasar Haɗeja da ke Agege da Sabo ta Ibadan da Zangon Kumasi da duk inda rabo ya kai ku, kada ku jira sai an ga wata. Ku kira gida tun yanzu, ku nemi izinin tsofaffi, ku sa a ɗauke su da waɗanda ke ɗawainiya da su. Ku kuma masu hoto, in an kawo muku wannan aiki, ku bar fuskokin yadda Allah Ya yi su, ku tambayi sunaye ku rubuta kafin ku miƙa.