Kishin Ido da Kunne a Zauren Kiɗan Turai

A watan Disamba na 1830, waɗanda suka je jin sabon kiɗan Hector Berlioz mai suna Symphonie fantastique a birnin Faris sun tarar ana raba takarda. Kiɗan babu waƙa a cikinsa, babu mai buɗe baki. Goge ne da sarewa da ƙaho da ganguna har kusan awa guda. Takardar ce ke ɗauke da labari: wani matashin makaɗi ya faɗa kogin soyayya, ya fid da rai, ya sha ƙwaya, ya yi mafarkin ya kashe masoyiyar tasa, ga shi ana jan sa zuwa inda za a fille masa kai. A ƙarshen kashi na huɗu sarewa guda takan tuno da sautin yarinyar, kafin ta kai aya sai dukan kayan kiɗa su rufto mata lokaci ɗaya. Mai takarda a hannu ya san kai ne ya fita. Maras takarda kuwa ƙara kawai ya ji, ya zabura.

Karatu ana tsakiyar kiɗa tsohuwar al'ada ce a can. A Landan, zamanin mai tsara kiɗa Handel, da Italiyanci ake rera opera, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa tun daga fari har ƙarshe. Masu kallo kan sayi ɗan littafi, Italiyanci a wannan shafi, Turanci a wancan, fitilun zaure kuma a kunne, kowa na bi da ido. Richard Wagner ne ya dagula lissafi a 1876, da ya dusashe fitilu a gidan wasansa na Bayreuth a Jamus. Sannu a hankali sauran gidaje suka bi sahu, karatu ya gagara. Wanda bai yi bitar labari tun daga gida ba sai ya kwashe awa huɗu cikin duhu, ana ta kashe-kashe a gabansa bai san laifin kowa ba.

Rubutu ya dawo ta saman dandamali a 1983, lokacin da kamfanin opera na Kanada da ke Toronto ya haska fassara a wasan Elektra na Richard Strauss. Babban gidan Metropolitan na New York ya turje har 1995, sannan ya liƙa ɗan allo a bayan kowace kujera, mai so ya kunna, mai ƙi ya kashe.

A ganina ana cakuɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Fassarar kalmomin da ake rerawa haƙƙin mai sauraro ce, domin wanda ya ɗora kalma a kan kiɗa so yake a ji ta. Tana da nata aibu, ba shakka: allo kan riga mawaƙi, jama'a su bushe da dariya shi ko bai iso wurin barkwancin ba. Wannan da sauƙi. Takardar da ke faɗa wa mutum abin da zallar kiɗa yake nufi ita ce mai ɓarna, don ido ya fi kunne sauri, ya kuma fi shi son mulki. An ce a kiɗan bazara na Vivaldi, wanda aka buga a 1725, akwai kare mai haushi. Shi ke nan, sai mutum ya koma farautar kare, gogen da ke raira barcin makiyayi ya wuce bai ji ba. Gustav Mahler ya rubuta wa kaɗe-kaɗensa na farko irin wannan bayani, daga baya ya janye abinsa.

Bahaushe bai rasa abin kwatance ba. Kalangu na magana, amma sai ga wanda ya san taken. Kalmomin suna kansa tun kafin a ɗora gula a fata, saboda haka idonsa na kan makaɗi. Shi ma Berlioz nan ya dawo. A bugun 1855 ya yarda cewa idan kiɗan kaɗai za a yi, ana iya barin rabon takardar, a bar wa jama'a sunayen kashi biyar ɗin kawai.