Hoton Da A Ke Sassaƙawa A Kan Itace

Sau da yawa in an nuna wa ɗan makaranta hoto a cikin littafi, abin da ya kan fara faɗi shi ne, "Ya yi kama," ko kuwa, "Bai yi kama ba." Da ya faɗi haka, a ganinsa ya gama shari'a. To, wannan mudu bai isa ya auna kowane hoto ba. Akwai wani iri wanda a ke sassaƙawa a kan allon itace, sa'an nan a buga a takarda. Shi kuwa sai an san yadda mai yinsa ya ke wuni, kana a san inda za a yaba da inda za a kushe.

Da safe gwanin ya kan ɗauki allo ya goge shi sumul, ya zana abin da ya ke nufi a kai. Amma a juye zai zana, dama ta koma hagu, kamar rubutun hatimi, gama takarda za ta sake juya shi. Daga nan sai ya kama wuƙa da waɗansu 'yan ƙarafa masu baki kamar indararo, ya shiga ƙwaƙule duk inda ya ke so ya fita fari, ya bar inda ya ke so ya fita baƙi. Aikin nan ya kan cinye hantsi da azahar, wani allon ma har kwanaki. In ya gama, sai ya mirgina tawada a kan tudun da ya bari, ya shimfiɗa takarda, ya murza bayanta da cokali ko ya matse da inji, ya ɗaga ya duba. In baƙi ya yi yawa, yana iya ƙara yanka. In kuwa wuƙa ta zarce, magana zarar bunu ce, da ƙyar a ke gyarawa.

Yaron Magami ko Tsafe ko Bungudu ba baƙon wannan aiki ba ne, ko da ya ke bai san shi da wannan suna ba. Ya ga masassaƙi da gizagonsa, ya kuma ga ƙwarya mai zane a jeren ɗakin uwarsa. Mai zanen ƙwarya ma da ragewa ya ke ƙawata abu. Bambancin shi ne, ƙwarya ɗaya ce tak, allo kuwa yana haifar ɗari, duk kamarsu ɗaya. Mutanen Sin sun daɗe da gane haka. Littafin bugu mafi tsufa mai kwanan wata nasu ne, na shekarar 868, da allunan itace a ka buga shi, yana ajiye a Landan.

Ku dubi misalin wani Bajamushe, Albrecht Dürer. A 1515 a ka kai karkanda daga Indiya zuwa Lisbon, babban birnin Fotugal. Dürer bai taɓa ganinta ba, wasiƙa da ɗan zane kaɗai su ka iso masa, ya zana ta a ka buga da allon itace. Ya sa mata fata kamar sulke, da ɓawo a ƙafafu kamar na kifi, har da wani ɗan ƙaho a doro wanda Allah bai halitta mata ba. In da mudun kama za a auna, ya fāɗi. Amma layukansa suna da ƙarfi, dabbar ta cika takarda, kai ka ce in ta motsa ƙasa za ta girgiza. Saboda haka Turawa su ka yi fiye da shekara 200 suna kwaikwayon hoton a littattafansu, suna tsammani haka karkanda ta ke. Yabonsa da laifinsa ke nan a wuri guda: gwaninta ta sa a ka gaskata shi, bugu kuwa ya yaɗa kuskurensa.

A ƙasarmu, wanda ya fi shahara da hoton bugu shi ne Bruce Onobrakpeya, mutumin Urhobo, an haife shi a 1932. Ya shiga Kwalejin Zariya a 1957, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 shi da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo su ka kafa ƙungiyar ɗalibai masu zane. Manufarsu ita ce a karɓi dabarar Turawa, amma abin da za a zana ya fito daga gida. Ya sassaƙa a kan itace da kuma lino, watau wata shimfiɗar daɓe mai taushin yanka, ya fitar da tatsuniyoyin garinsu, irin su na kunkuru. Shi ya yi hotunan littafin Cyprian Ekwensi na 1962, wanda labarinsa ya ke kusa da na Jiki Magayi. Abin yabo gare shi, bai sa allo ya yi gasa da hoton kyamara ba, ya bar sawun wuƙa a fili, ya mai da shi ado. Abin da za a iya kushewa, wani lokaci adon ya kan cunkushe, har ido ya rasa farin da zai huta a kai.

To, 'yan makaranta, in hoton bugu ya zo hannunku, ku fara duban farin, gama nan ne hannun gwani ya bi. Ku duba ko layin ya tafi gaba gaɗi, ko kuwa da ɗar-ɗar. Ku tambaya ko mai shi ya san abin da ya zana, ko ji ya yi. Wanda ya ke so ya gane sosai, ya raba dankali biyu, ya yanka harafin farko na sunansa a juye, ya shafa tawadar allo, ya danna a takarda. Ranar nan zai daina gaggawar yanke wa hoto hukunci. Allah ya ba mu idon gani, amin.